Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Idanun Kyamara a Jikin Kyamarorin Zamani

A gidajen tsofaffin masu hoto na ƙasar nan, tun daga Sabon Garin Kano har zuwa Kaduna da Jos da Ibadan da Legas, ba a rasa wata jaka ko akwati da aka tura ƙarƙashin gado, cike da kyamarorin fim waɗanda aka jingine tun sa'ad da kyamarar dijital ta karɓe kasuwa. Sau da yawa idan mai kayan ya kwanta dama, magada sukan ɗauke su a kan tarkace, in ma an yi rashin sa'a su ƙare a buhun 'yan gwangwan, a auna su a sikeli kamar tsohuwar tukunya. A daidai wannan lokaci kuma ga samari nan birjik masu neman abinci da ɗaukar hoto a wuraren biki da suna da taron jama'a, waɗanda suka yi ta maza suka sayi kyamarar zamani, amma kuɗin ƙara mata ido na biyu ya gagare su, domin kayan duk daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje kuma ake saye.

Abin da magada da samarin ba su cika lura da shi ba shi ne, gangar jikin kyamarar fim ce zamani ya wuce. Idonta kuwa, watau ƙarfen nan mai gilasai da ake ɗaurawa a gabanta, aikinsa kawai ya tattara haske ya zuba shi inda aka ce. Idon da aka ƙera a 1975, muddin ba a wulaƙanta shi ba, yana iya ci da mai shi a yau. Sai dai fa akwai sharaɗi. Cikin dukkan tsofaffin idanu babu wanda ya fi yaudarar mai saye kamar ido mai faɗin gani, alhali kuwa shi ne wanda mai hoton biki ya fi bukata. Saboda haka a kansa wannan fili zai tsaya a wannan mako.

FAƊIN GANI

Kowane ido yana da lamba a rubuce a goshinsa, kamar 28mm ko 50mm ko 135mm. In lambar ta yi ƙasa, idon yana kwaso fili mai faɗi. In ta yi sama, yana jawo abin da ke nesa ya bar na gefe. Amma yawan filin da kowace lamba take kwasowa ya dogara ne ga girman fallen da hasken yake sauka a kai. Ma'aunin da duniya ta saba da shi ya samo asali ne daga ƙasar Jamus, inda Oskar Barnack na kamfanin Leitz ya ƙera kyamarar Leica wadda ta shiga kasuwa a 1925, mai ɗaukar hoto a kan fallen fim mai milimita 24 a tsaye da 36 a kwance. A kan wannan falle, ido mai 50mm yana ganin kimanin digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 35mm yana ganin 63, mai 28mm 75, mai 24mm 84, mai 20mm kuwa 94. Daga 35mm zuwa ƙasa su ne ake kira masu faɗin gani.

Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa riƙe kyamara. Wanda aka ce ya ɗauki jeren ɗakin amarya, bango ya tokare masa baya. Wanda yake son sahun masallata a filin Idi ya fito daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya shiga lungunan kasuwar Kurmi inda babu wurin ja da baya. Duk ido mai faɗin gani ne zai fisshe su.

Dalilin da ya sa tsofaffin suka yi araha kuwa tarihi ne. Kafin 1985 kusan kowane mai hoto da hannunsa yake murza zoben ido har abin da yake son ɗauka ya fito ras. A shekarar ce kamfanin Minolta na Japan ya fitar da kyamarar da ake kira 7000, mai saita kanta da kanta, ya kuma sake fasalin bakin da ake ɗaura ido a kai. A 1987 Canon ya bi sahu, ya yi watsi da bakinsa na da mai suna FD, ya kawo sabo mai suna EF. Nan take ɗimbin idanu masu kyau suka zama marayu, ba a iya ɗaura su kai tsaye a kan waɗannan sababbin kyamarori. Sun fi shekara 20 a wannan hali, darajarsu kuwa ta yi ta faɗuwa.

YADDA MARAYU SUKA SAMI GIDA

Kowane kamfani yakan tsayar da wata tazara tsakanin bakin kyamara da wurin da fim yake kwance, kuma a kan wannan tazara yake ƙera idanunsa. Ta Nikon F, wadda aka fara a 1959, milimita 46.5 ce. Ta Olympus OM 46, ta Pentax K da ta idanun nan masu zare da ake murzawa kamar kusa, waɗanda ake kira M42, kimanin 45.5, ta tsohuwar Minolta 43.5, ta Canon FD kuwa 42. An bar wannan fili mai yawa ne saboda akwai madubi a ciki wanda yake nuna wa mai hoto abin da zai ɗauka, sa'an nan ya daka tsalle sama ya ba haske hanya idan an latsa.

Kyamarorin dijital na farko sun gaji wannan madubi, shi ya sa haɗin ya yi wuya. Idon Canon FD yana bukatar ya zauna milimita 42 daga inda hoto yake sauka, bakin EF kuwa yana milimita 44, watau idon ya yi waje da milimita 2 ke nan tun ba a sa komai a tsakani ba, kuma idon da ya yi waje fiye da ƙa'idarsa ba ya ganin nesa. Haka abin yake ga wanda ya ɗaura M42 a kan Nikon mai madubi. Akwai zobban haɗi masu ɗan gilashi a ciki da ake sayarwa don gyara wannan, amma galibinsu suna rage kyan hoto, suna kuma rage faɗin ganin da aka sayi idon dominsa.

Sauƙi ya zo ne a 2008, lokacin da Panasonic ya fitar da G1, kyamara mai sauya ido amma babu madubi a cikinta. Sony ya biyo baya a 2010 da baki mai tazarar milimita 18, Fujifilm a 2012 da 17.7, sa'an nan a 2018 Nikon ya kawo Z mai 16, Canon ya kawo RF mai 20. Da yake waɗannan tazarori gajeru ne, abin da ake bukata kawai shi ne zoben ƙarfe mai rami, wanda masu sana'a suke kira adafta, ya cike gurbin da madubi ya bari. Mai son ɗaura idon Nikon F a kan Sony sai ya cire 18 daga 46.5, ya sami zobe mai kaurin milimita 28.5. Babu gilashi a ciki, babu lantarki, shi ya sa ba shi da tsada. To, daga nan ne masu talla suke cewa kowane tsohon ido ya sami gida. Gaskiya ne zai hau, amma hawa daban, aiki daban. Tarko uku ne a gaban mai saye.

TARKO NA FARKO: GIRMAN SENSA

A kyamarar dijital, wani ɗan faranti mai jin haske ne ya maye gurbin fim, shi ake kira sensa. Kyamarori masu tsada ne suke da sensa daidai girman fim, watau 24 da 36, irin su Sony A7 da ta fito a 2013. Galibin waɗanda samari suke iya saya suna da ƙaramar sensa da ake kira APS-C, wadda take ɗaukar tsakiyar abin da ido ya gani ta zubar da gefe. Domin a san abin da ya rage, sai a ninka lambar idon sau 1.5, ko sau 1.6 in Canon ce. A kan sensar Olympus da Panasonic ta tsarin Micro Four Thirds kuwa sau 2 ake ninkawa.

Ga abin da lissafin yake nunawa. Tsohon ido mai 28mm, wanda ya kasance mai faɗin gani a kan fim, in ya hau APS-C sai ya koma kamar 42mm, in ya hau Micro Four Thirds ya koma kamar 56mm. Faɗin ganin ya tafi ke nan gaba ɗaya. Abin takaici ma shi ne, ɗan idon da yake zuwa tare da yawancin waɗannan kyamarori, mai zuƙowa daga 18mm zuwa 55mm, in aka bar shi a 18 yana ba da kamar 27mm ko 29mm. Ashe saurayin da ya tara kuɗi ya sayi tsohon 28mm don ya kwaso ɗakin amarya, ya sayi abin da bai kai wanda yake rataye a wuyansa faɗi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai magani iri biyu. A 2013 kamfanin Metabones ya fitar da wani zoben haɗi mai gilasai wanda yake matse hoton ya shiga ƙaramar sensa, yana ninka lambar ido sau 0.71, yana kuma ruɓanya hasken da yake isa sensa. Da shi 28mm yakan dawo kamar 30mm a kan APS-C. Wasu kamfanoni sun yi irinsa mai sauƙin kuɗi, amma mai kyau yakan fi tsohon idon kansa tsada. Magani na biyu shi ne mai ƙaramar sensa ya haƙura da tsoho a wannan fanni, ya nemi sabon ido mai saitin hannu wanda aka ƙera musamman dominta, kamar 12mm na kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu. Taƙaitaccen zance dai, ribar tsohon ido mai faɗin gani tana hannun mai cikakkiyar sensa ne.

TARKO NA BIYU: GIDA BIYU NE

Wannan shi ne tarkon da ya fi cin kuɗin masu abin hannu, kuma labarinsa abin mamaki ne. Idanu masu faɗin gani gida biyu ne, ko da yake daga waje ba a cika bambanta su ba.

Gida na farko shi ne na kyamarori marasa madubi na zamanin fim, irin su Leica da Contax. A cikinsu babu abin da ya hana maƙeri ya tura gilashin baya har kusa da fim, don haka akan jera gilasan gaba da na baya su yi kusan daidai da juna. Mashahuri a cikinsu shi ne Biogon, wanda Ludwig Bertele ya tsara wa kamfanin Zeiss, kuma mai 21mm ya fito a 1954. Waɗannan idanu ƙanana ne, ba sa lanƙwasa miƙaƙƙen layi, kuma su ake ɗauka a kan gwanayen fannin. Tarayyar Sobiyet ma ta kwaikwayi tsohon Biogon mai 35mm ta kira shi Jupiter-12, wanda gilashinsa na baya ya kumburo kamar ƙwai.

Gida na biyu tilas ce ta haife shi. A kyamara mai madubi ba shi yiwuwa ido ya kutsa ciki, gama madubi zai buge shi. Har Nikon ya taɓa fitar da 21mm a 1959 wanda sai an ɗage madubi an kulle shi a sama kafin a ɗaura, mai hoto kuma ya leƙa ta wata 'yar taga dabam. Wanda ya buɗe hanya shi ne Pierre Angénieux, wani Bafaranshe, wanda a 1950 ya fitar da ido mai 35mm da ya kira Retrofocus. Dabararsa ita ce ya sa babban gilashi mai baza haske a gaba, ya sa masu tattarawa a baya, ta yadda idon zai zauna nesa da fim amma ya ci gaba da ganin fili mai faɗi. A Jamus ta Gabas, kamfanin Carl Zeiss na garin Jena ya yi nasa mai suna Flektogon, Sobiyet kuma ta yi Mir-1 mai 37mm, wanda ya ci babbar lambar yabo a bajekolin duniya na ƙasar Beljiyam a 1958. Duk da haka, shekaru da yawa masana suna ganin wannan gida a kan maneji: ya fi girma, ya fi nauyi, yana kuma ɗan kumbura layukan gini kamar cikin ganga.

Zuwan dijital sai ya juya lamarin. Fim ba ya zaɓen ta inda haske ya zo masa, a miƙe ko a karkace duk ɗaya ne. Sensa kuwa miliyoyin 'yan ramuka ce a jere, kowane kamar rijiya. Kowa ya sani rana ba ta isa gindin rijiya sai ta take tsaka. Ta hantsi da ta la'asar a bango take tsayawa. Idon da ya kusanci sensa ƙwarai yana jefa haske zuwa kusurwoyi a karkace, sai kusurwoyin su yi duhu, launinsu kuma ya gurɓata ya koma ja-ja mai sirkin shuni. Bugu da ƙari, a gaban kowace sensa akwai fallen gilashi mai kare ta, kaurinsa kimanin milimita 2 a Sony, kimanin 4 a Micro Four Thirds. Maƙeran da ba su san da wannan gilashi ba, kuma hasken da ya ratsa shi a karkace yakan watse, gefen hoto ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa hannu tun bai bushe ba. Leica ya rage wannan a kyamarorinsa na M8 a 2006 da M9 a 2009 ta hanyar sirantar da gilashin da sake jeren 'yan idanun da ke bakin ramukan. Sabon tsarin sensa, irin na Sony A7R II ta 2015, ya rage gurɓatar launi, amma dishi-dishin da kaurin gilashi yake haddasawa bai tafi ba.

Ido irin na Angénieux kuwa, da yake nesa yake zaune, haskensa kusan a miƙe yake sauka, sensa ta karɓe shi lami lafiya. Watau abin da aka yi don tilas shi ne ya dace da zamani, abin da aka yi don gwaninta kuma shi ne yake shan wahala. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin idanun kyamarori masu madubi su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi araha. Nikkor 28mm f/2.8 na 1981, wanda yake iya kusantar abu har santimita 20, da Zuiko 24mm da 28mm na Olympus, da Canon FD 24mm, da Takumar 28mm na Pentax, da Flektogon 35mm, duk 'yan wannan gida ne. Mai saye ya juya ido ya dubi bayansa: in gilashin ya zarce bakin ƙarfe ya tsiro waje sosai, ya yi hattara, domin a wasu kyamarori ma ba ya shiga ba tare da ya gogi wani abu ba.

TARKO NA UKU: ZOBEN HAƊI

Mutane sukan raina adafta saboda ƙarfe ne kawai, alhali a ido mai faɗin gani kuskuren da bai kai kaurin farce ba yana ɓata aiki. Ido mai 28mm, daga saitin nesa marar iyaka zuwa saitin mita 3, kimanin rubu'in milimita kawai yake motsawa. Saboda haka zoben da ya yi kauri da rubu'in milimita zai hana idon saita duk abin da ya wuce kimanin mita 3. Dutse da hasumiya da mahaya doki daga nesa ba za su fito ras ba in an buɗe ƙofar haske. Don gudun haka masu ƙerawa sukan rage kaurin zoben da gangan. Wannan ya fi dama, amma lambobin nisa da ke jikin ido sun daina faɗin gaskiya ke nan. Wasu idanun kuma, tun daga Nikkor 24mm na 1967, suna da gilasai a ciki masu matsawa dabam da sauran don gyara hoton kusa. In zobe ya yi gajarta, gilasan za su tsaya inda bai dace ba, gefen hoto ya lalace. Zoben da ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kauri kuwa, sai a ga hagun hoto ras, dama dishi-dishi. Araha ba ta ado. Gwajin ba shi da wuya: a ɗauki dogon gini daga nesa, a buɗe hoton a kwamfuta, a kwatanta kusurwoyi huɗu.

Masu kyamarar dijital mai madubi su ma akwai nasu gargaɗi. Idanun Nikon da aka yi kafin 1977, in ba a gyara bakinsu ba, suna iya karya wani ɗan harshe a bakin wasu kyamarorin Nikon. Wasu idanun M42 kuma madubin Canon mai cikakkiyar sensa yakan taɓa bayansu.

YADDA AKE AIKI DA SHI

Da yake babu lantarki tsakanin ido da kyamara, ita ba ta san an ɗaura mata komai ba, don haka sai an shiga tsarinta an ba ta izinin ɗauka ba tare da ido ba. A sa ta a harafin A, mai hoto ya zaɓi ƙofar haske da zoben da ke jikin ido, kyamara ta zaɓi saurin ɗauka. In tana da na'urar hana rawar hannu a cikinta, tilas a rubuta mata lambar idon, in ba haka ba gyaran nata ya zama ɓarna.

Wajen saiti, kyamarorin zamani suna shafa launi a gefen abin da ya fito ras. A ido mai faɗin gani wannan yakan yi ruɗi, domin kusan komai sai ya ɗauki launin. Abin dogaro shi ne a buɗe ƙofar haske duka, a ƙara girman hoton a allon kyamara, a saita, sa'an nan a rage ƙofar zuwa inda ake so.

Amma babbar baiwar waɗannan idanu ita ce 'yan layukan da aka zana a jikinsu, waɗanda sababbi da yawa suka zubar. A kan cikakkiyar sensa, in aka sa 28mm a f/8 aka tsayar da zoben nisa a kan mita 3 da 'yan kai, duk abin da yake daga kimanin mita 1.6 har zuwa iyakar gani zai fito da kyau. In 24mm ne, a tsayar a mita 2.4, ya kama daga 1.2. Hanya mai sauƙi ita ce a daidaita alamar nesa, mai kama da 8 a kwance, da layin f/8. Da wannan dabara tsofaffin masu hoton jarida suka yi aiki cikin turmutsutsu. A hawan Sallah, sa'ad da ƙura ta tashi dawakai suka taho a sukwane, kyamara mai saita kanta tana iya rikicewa ta kama rawanin wanda ya gitta, amma idon da aka riga aka saita ba ya jiran komai. Wanda zai wanke hoton ya yi girma ƙwarai, ya rage ƙofar zuwa f/11, domin an zana layukan ne don hoto madaidaici.

KAFIN A BIYA KUƊI

Cinikin biri a sama ba shi da kyau a wannan harka. A haska tocila ta bayan ido a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, mai cin shafin da ke kan gilashi, kuma ita ce annobar wurare masu laima kamar Legas da Fatakwal da Kalaba. Hazo a cikin gilasai yana kashe kaifin hoto. A murza zoben ƙofar haske a dubi ganyayyakin ƙarfen. In suna ƙyalli da mai, giris ne ya narke ya gangaro, abin da yakan faru ga idon da aka bari cikin mota a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri. Zoben saiti ya juya sumul, ba tauri ba sako-sako. In gilashi ya yi rawaya kamar ruwan shayi, kamar yadda ake gani a Canon FD 35mm f/2 na farko-farko da wasu Takumar, sinadarin toriyom ne da aka gauraya a ciki. Hasken rana yakan rage rawayar, amma yana fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan, don haka kada a fasa shi ko a goge shi da abu mai kaushi.

Ajiya kuma sai a roba mai murfi da ba ta shan iska, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ba cikin jakar fata a lungu mai duhu ba. A lokacin hunturu kuwa a rage yawan sauya ido a fili, domin sensar kyamara marar madubi kusa take da baki, kuma a f/11 kowace ƙwayar ƙura sai ta fito a sararin sama kamar tabo.

Ba za a ɓoye aibin tsoho ba. In rana ta dubi ido kai tsaye, musamman waɗanda aka yi kafin shafi mai hawa-hawa ya yaɗu bayan Pentax ya kawo nasa a 1971, hoto yakan yi fari-fari, sai an sa masa inuwa. A buɗaɗɗiyar ƙofa gefensa ba ya kai na sabo kaifi, kuma daga 20mm zuwa ƙasa sababbi sun yi wa tsofaffi fintinkau. Yaro mai gudu cikin ɗaki mai duhu ma aikin kyamara mai saita kanta ne. Amma daga 24mm zuwa 35mm, a f/5.6 ko f/8, a hannun wanda ya san sharuɗɗan nan uku, da wuya mai biki ya gane da wane ido aka ɗauki hotonsa. Masu ɗaukar bidiyo ma sun gane daɗin zoben da yake juyawa a hankali, har farashin wasu idanun ya soma ɗagawa.

Saboda haka magajin da ya ci karo da jakar mahaifinsa, kafin ya kira mai buhu, ya kai ta wurin wanda ya san kan abin. Saurayin da yake shirin saye kuma ya fara sanin girman sensarsa, ya dubi bayan idon, kada kuma ya yi ƙyashin kuɗin zobe mai kyau. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san cutar da aka ɗauko ta dominta. Allah ya sa albarka a sana'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.